Bashin da Ba a Rubuta Ba: Ayar da Muke Karantawa a Tarawihi, Mu Manta da Ita a Bronx

Kuɗin da ke yawo tsakanin Hausawan New York ba tare da takarda ba, Allah kaɗai ya san yawansu. Direban Uber a Bronx zai ranci dala 4,000 wajen abokinsa ya gyara mota. Mai kitso a Harlem za ta cike wa ƙanwar mijinta kuɗin hayar wata uku. Wani zai tura wa yayansa kuɗi Kano ko Kumasi ko Maraɗi a saya masa fili. Mata goma sha biyu za su haɗa adashi, kowace tana zuba dala 500 a wata. Duk wannan a kan musafaha da "Allah ya kai mu lokacin" ake yinsa. Idan ka ce a rubuta, sai a dube ka kamar ka zagi mutum.

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. A ƙasar da kuɗin haya ba ya jiran kowa, rance tsakanin 'yan uwa shi ne ya riƙe gidaje da yawa, kuma babu mai cewa a daina. Maganar ita ce yadda muke yinsa. Addinin da muke bi ya tsara wannan al'amari dalla-dalla, dokar jihar da muke zaune a cikinta ita ma tana da nata sharuɗɗan, kuma duka biyun sun haɗu a wuri ɗaya: a rubuta.

Abin da ayar ta ƙunsa

Ayar da ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani ita ce ta 282 a Suratul Baƙara, wadda malamai ke kira ayar bashi. A mafi yawan mus'hafan da ke hannunmu shafi guda cur ta cinye. Ba a kan salla ko azumi ta sauka ba, a kan kuɗi ne tsakanin mutum da mutum.

Ma'anarta a taƙaice: idan muminai suka ƙulla bashi zuwa wani lokaci sananne, su rubuta. Mai rubutu ya rubuta da adalci, kuma kada ya ƙi idan an neme shi. Wanda ake bi bashin shi ne zai faɗi abin da za a rubuta, ya ji tsoron Allah kada ya rage komai. Idan ba shi da cikakken hankali, ko mai rauni ne, ko ba zai iya faɗa da kansa ba, waliyyinsa ya faɗa a madadinsa. A kafa shaidu maza biyu, in ba a samu ba namiji ɗaya da mata biyu. Shaidu kada su ƙi zuwa idan an kira su. Kada a ƙosa da rubutawa, bashin ƙarami ne ko babba. Sannan ayar ta kawo dalilai uku: hakan ya fi adalci a wurin Allah, ya fi tsayar da shaida, ya fi kawar da shakka. Cinikin hannu da hannu ne kawai aka ɗauke wa rubutu. Ta kuma hana a cutar da marubuci ko shaida.

Aya ta 283 ta yi maganar matafiyi da bai samu marubuci ba: a karɓi jingina. Idan kuma an amince wa juna, wanda aka amince wa ya mayar da amanar, kuma kada a ɓoye shaida.

Saboda wannan aya ta biyun ne mafi yawan malamai suka ce rubuta bashi mustahabbi ne mai ƙarfi, bai kai wajibi ba. Wasu, irin su Imam Ɗabari da Ibn Hazm, sun tafi a kan wajibi ne. To, ko wane ɓangare ka bi, babu malami ɗaya da ya ce neman a rubuta rashin yarda ne ko cin fuska. Manzon Allah (SAW) da kansa ya sa an rubuta takardar ciniki tsakaninsa da wani sahabi mai suna Adda'u bin Khalid, kamar yadda Tirmizi ya ruwaito. In akwai wanda maganar bakinsa ta isa, ai shi ne.

Akwai kuma wata ruwaya ta Tirmizi game da Annabi Adamu (AS), cewa ya ba Annabi Dawuda (AS) wasu shekaru daga cikin nasa, da lokaci ya yi sai ya manta ya musa, daga nan aka yi umarni da rubutu da shaidu. Ka ga ke nan ba don maƙaryata kaɗai aka sa rubutu ba. Mutumin kirki ma yana mantuwa.

Amanar gida da amanar nan

Idan ka tambayi dattawanmu za su ce maka a gida da baki ake ciniki, kuma gaskiya suka faɗa. Fataken goro tsakanin Kano da Salaga da dillalan shanu na kudu sun yi shekara da shekaru suna juya dukiya mai yawa a kan amana. Wani masani, Abner Cohen, ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan ya rubuta littafi a 1969 kan yadda Hausawan can ke sayar da shanu bashi ga mahauta. Abin da ya riƙe tsarin shi ne maigida: ya san mai saye, ya san mai sayarwa, shi ke lamuni, kuma duk wanda ya ci amana labarinsa zai zagaye unguwa kafin magariba, kasuwarsa ta mutu. Ga Sarkin Hausawa, ga liman, ga alƙali, kowa na kusa.

A New York fa? Wanda ya ci bashinka a Bronx yau, wata mai zuwa yana iya komawa Columbus ko Atlanta ko Houston ya canza lamba. Wani ma da sunan laƙabi kawai ka san shi, sunan da ke kan lasisinsa daban. Wani matsalar takardun zama ta sa an mayar da shi gida ba shiri. Al'adar amana mun taho da ita, amma katangar da ke kare ta tana can gida. Kuma ko a gidan ma, alƙalan Arewa da ke hukunci da Tuhfa ta Ibn Asim sun san darajar takarda da shaidu. Fannin rubuta wasiƙun yarjejeniya tsohon ilimi ne a mazhabar Malikiyya.

Abin da muke gani a asibiti

A aikinmu na jinya, tun a makaranta ake cusa mana cewa duk abin da ba ki rubuta a fayil ɗin majinyaci ba, to a hukumance ba ki yi shi ba. Kin ba da magani ƙarfe biyu na dare, ki rubuta nan take, da lokaci da adadi da sa hannu. Ba don ana zargin nas da ƙarya ba ne. Don wadda za ta karɓe ki da safe ba ta cikin kanki, kuma ke ma bayan awa goma sha biyu a tsaye ba za ki tuna komai ba.

A watannin Maris da Afrilu na 2020, lokacin da korona ke kashe ɗaruruwan mutane kullum a birnin nan, an hana 'yan uwa shiga asibitoci. Mutum zai shigo da ƙafarsa yana numfashi da ƙyar, kafin dare an sa masa bututun numfashi a maƙogwaro. Daga wannan lokacin ba zai sake iya magana ba, kuma da yawa a haka suka cika. Duk wanda ke bin su, duk wanda suke bi, duk ajiyar da aka ba su, sun tafi da ita a ƙirji.

Ko ba annoba, haka mutuwa da ciwo suke zuwa. Shanyewar ɓarin jiki kan ɗauke wa mutum magana cikin minti kaɗan alhali yana ji yana gani. Na taɓa jinyar wani dattijo daga yankinmu da hakan ta same shi. Kwana da kwanaki yana ƙoƙarin gaya wa ɗansa wani abu, yana nuna yatsu, yana maimaita rabin wani suna, hawaye na zuba. Ɗan ya fahimci maganar kuɗi ce, amma wa ake bi, wa ke bi, nawa ne, babu wanda ya gane. Wallahi ganin wannan ya fi ganin jini tayar da hankali.

Mun san al'adarmu a wajen jana'iza: kafin a yi salla wani zai miƙe ya ce duk mai bin mamaci bashi ya ga wane. Al'ada ce mai kyau, tana da asali. Buhari ya ruwaito cewa an kawo wata gawa, Manzon Allah (SAW) ya tambaya ko ana bin mamacin bashi, aka ce dinari uku, kuma bai bar abin biya ba. Ya ce sahabbai su sallaci abokinsu, har sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya sannan ya yi masa salla. Muslim ya ruwaito cewa ana gafarta wa shahidi komai ban da bashi. A Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12, ba a raba gado sai bayan an fitar da bashi da wasiyya. To amma idan mutum uku suka zo wa matar mamaci, kowa da adadinsa, babu takarda babu shaida, yaya za ta yi? In ta biya, wataƙila ta ba da haƙƙin marayu. In ta ƙi, wataƙila ta bar mijinta da nauyi a kabari.

Dubi yadda Zubairu bin Awwam (RA) ya yi. Mutane kan kawo masa ajiya, sai ya ce a mayar da ita rance, don in ta salwanta ya zama shi zai biya. Ranar yaƙin Raƙumi, shekara ta 36 bayan Hijira, ya kira ɗansa Abdullahi ya yi masa wasiyyar bashin. Da aka lissafa ya kai miliyan biyu da dubu ɗari biyu. Abdullahi ya sayar da filaye ya biya, kuma duk da haka ya ƙi raba gado sai da ya yi shekara huɗu yana shela a lokacin aikin Hajji cewa mai bin Zubairu ya zo. Buhari ne ya kawo labarin. Haka magabata suka ɗauki al'amarin.

Abin da dokar New York ta ce

Ni ba lauya ba ce, kuma babban al'amari yana bukatar lauya. Amma akwai abubuwan da ya kamata kowane mazaunin jihar nan ya sani.

Na farko, akwai dokar da ake kira Dead Man's Statute. Idan wanda kake bi ya rasu kuma magana ta kai kotu, a ƙa'ida ba za a bar ka, kai mai amfana da shari'ar, ka ba da shaidar abin da ya gudana tsakaninka da mamacin da bakinka ba. Dalili kuwa shi ne mamaci ba zai tashi ya musa ba. Takardar da ya sa wa hannu da shaidun da ba su da rabo a cikin kuɗin su ne za su cece ka.

Na biyu, idan mutum ya ce "in bai biya ba ni zan biya", wannan lamunin ba ya aiki a kotu sai an rubuta shi kuma mai lamunin ya sa hannu. Haka yarjejeniyar da sharaɗinta ya nuna ba za a iya cika ta cikin shekara guda ba, haka cinikin gida ko fili.

Na uku, lokaci yana ƙurewa. Galibin ƙarar karya yarjejeniya shekara 6 aka ba ka ka shigar. Idan wanda ake bi ya rubuta ya amsa bashin ya sa hannu, lissafin na iya farawa sabo.

Na huɗu, akwai kotun ƙananan ƙararraki, wato Small Claims Court, a kowace gunduma ta birnin. Ta Bronx tana 851 Grand Concourse. Tana sauraron ƙarar da ba ta wuce dala 10,000 ba. Kuɗin shigar da ƙara dala 15 ne in abin bai wuce dala 1,000 ba, dala 20 in ya wuce. Ba sai da lauya ba, kuma ana ba da tafinta kyauta. Sai dai alƙali zai tambaye ka hujja. Rasidin Zelle ko Cash App yana nuna kuɗi sun fita daga hannunka, amma ba ya nuna rance ne ko kyauta ko biyan wani tsohon bashi.

Ba ina cewa mu riƙa maka juna a kotu ba ne. Sulhu a masallaci ya fi. Amma liman ma da me zai yi sulhun in babu abin da zai duba?

Takardar da ba ka fahimta ba

Akwai ɗaya ɓangaren. Direbobin tasi masu launin ɗorawa a birnin nan sun ga abin da takarda ke yi idan mai ƙarfi ne kaɗai ya tsara ta. A 2014 farashin lambar izinin tasi, wato medaliyon, ya haura dala miliyan ɗaya. Baƙi da yawa suka ci bashin saye. Da Uber da Lyft suka cika gari, farashin ya faɗi warwas, bashin yana nan. Binciken da jaridar New York Times ta wallafa a 2019 ya nuna yadda aka sa direbobi, wasunsu ba su jin Turanci sosai, suka sa hannu a kan sharuɗɗan da ba su fahimta ba. A 2018 direbobi da dama sun kashe kansu. Sai a Nuwamban 2021, bayan yajin cin abinci na kwana 15 a ƙofar fadar magajin gari, aka cimma yarjejeniyar rage bashin zuwa dala 170,000.

A nan ne mutum zai ga hikimar da ke cikin cewa wanda ake bi shi ne zai faɗi abin da za a rubuta, kuma marubuci ya tsaya a tsakiya. Mai rauni a cikin cinikin shi aka ba bakin magana. Don haka, ɗan uwa, kada ka sa hannu a takardar dilan mota ko ta mai gida ko ta banki sai an karanta maka ita da harshen da kake ji. Ka tambayi ko akwai kuɗin ruwa, nawa ne, me zai faru in ka makara. Kunyar tambaya ta minti biyar ta fi bashin shekara goma sauƙi.

Dala ko naira?

Wata rigimar da ta raba zumunci a 'yan shekarun nan ita ce ta canji. A farkon 2023 dala ɗaya tana wajen naira 750 a kasuwar bayan fage. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Ka ranta wa ƙaninka dala 2,000 ta hanyar mai canji, ya karɓi naira miliyan ɗaya da rabi a Kano. Bayan shekara ya kawo miliyan ɗaya da rabi ya ce ya biya, kai kuma kana lissafin dala 2,000, wadda ta zama sama da miliyan uku. 'Yan uwanmu na Gana sun ga irin wannan da sidi a 2022.

Ƙa'idar fiƙihu ita ce ana biyan rance da irin abin da aka ranta kuma daidai adadinsa, kuma a kan haka Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta tsaya a zamanta na Kuwait a 1988. In ranar biya ta zo kuka yarda a biya da wani kuɗin daban, sai a bi farashin wannan ranar. Amma tambayar farko tana nan: me aka ranta, dala ko naira? Layi ɗaya a takarda ya isa ya kashe wannan wutar tun ba ta kama ba.

Cikin gida da cikin adashi

'Yan uwana mata, wannan tamu ce. Da yawanmu muna aikin kula da tsofaffi a gidaje, ko kitso, ko jinya, kuma kuɗinmu na shiga hidimar gida da ginin da ake yi a ƙasa. In kyauta kika yi wa maigida, Allah ya ba da lada. In rance ne, ki faɗa masa rance ne, ku rubuta. Dukiyar mace tata ce a Musulunci, kuma ragowar sadakin da ba a biya ba shi ma bashi ne da ake fitarwa kafin gado. Filin da kika sa kuɗinki a ciki, ki san sunan wa ke kan takardarsa. Ranar da magada suka taru, "ai kowa ya sani" ba ya zama hujja.

Uwar adashi kuma ta riƙe littafi: sunayen masu zubi, adadi, ranar zubi, jerin kwasa, da abin da za a yi in wata ta kwasa sannan ta rasu ko ta bar gari. Kowace ta samu hoton shafin a wayarta.

Me za a rubuta?

Abin bai kai yadda muke tsoro ba. Rabin shafi ya wadatar: cikakken sunan mai bayarwa da mai karɓa kamar yadda yake a katin shaida, adadin kuɗi da lamba da kalmomi, wane irin kuɗi ne, ranar karɓa, ranar biya ko yadda za a riƙa biya kashi-kashi, bayanin cewa rance ne babu ƙari, jingina in akwai, sa hannun wanda ake bi, da na shaidu biyu. A rubuta da Hausa da Turanci don ta yi aiki a masallaci da kotu. Kowa ya riƙe kwafi. In kuna son ƙarin ƙarfi, notari yana buga hatimi a kan dala 2 a jihar nan, bankuna da yawa ma kyauta suke yi wa masu ajiya. Duk lokacin da aka biya wani kashi, a rubuta a bayan takardar.

In abin gaggawa ne, ko saƙon WhatsApp ya fi babu. Wanda ya karɓa ya rubuta da kansa: "Na karɓi rancen dala 800 daga wajenka yau, zan biya ƙarshen watan Yuni in sha Allah." A adana saƙon.

Kuma mai karɓa shi ya kamata ya fara cewa a rubuta. Hakan na ɗauke wa mai bayarwa nauyin kunya, kuma kai ne takardar za ta fi yi wa amfani ranar da ba ka da bakin magana. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Ibn Umar cewa bai kamata Musulmin da ke da abin wasiyya ya kwana biyu ba tare da wasiyyarsa a rubuce ba. Ka samu ɗan littafi, shafi ɗaya na waɗanda ke bin ka, ɗaya na waɗanda kake bi, ɗaya na ajiyar mutane, ka gaya wa iyalinka inda yake.

Masallatanmu da ƙungiyoyinmu na Bronx da Harlem da Brooklyn za su iya sauƙaƙa wannan ƙwarai: a buga takardar rance mai harshe biyu a ajiye a ofishin liman, a ware mutum biyu amintattu da za su riƙa zama shaidu bayan sallar Juma'a. In abin ya zama al'adar jama'a, babu wanda zai ƙara jin an raina shi.

Takarda kuma ba sanda ba ce ta dukan talaka. Aya ta 280 a wannan sura ta ce a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi, kuma yafewa ta fi alheri. Hadisi ya kira jan ƙafar mai hali wajen biya zalunci. Wanda ya rubuta yana da damar ya ƙara wa'adi, ya rage, ko ya yafe gaba ɗaya, kuma ya san ainihin abin da ya yafe. In ka yafe, shi ma ka rubuta ka ba shi, don kada magadanka su tayar da maganar bayan ranka.

Allah ya biya wa masu bashi bashinsu, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya sa mu cika ba da haƙƙin kowa a wuyanmu ba.